Zaren Zoben Madam Boquet

A garinmu na bakin kogin Somme, in garmar manomi ta tono wani ƙarfe, ko wani ya buɗe akwatin kakarsa ya ga abin da bai gane ba, gidan Firmin Caudron ake nufa. Gyaran agogo ya yi har kansa ya yi fari. Da ya rufe shago sai ya ba da ƙarfinsa ga abin da ya fi so tun yana saurayi, wato zobban sanholo da sojoji suka ƙera da hannunsu a ramukan Babban Yaƙi, yaƙin duniya na farko, suka aiko wa matansu gida. Ɗakin baya na gidansa cike yake da su, a jere cikin akwatunan gilashi, kowanne a kan ɗan ƙyallensa. Matarsa Ginette takan ce da ita ma da sanholo aka yi ta, da ta ga gata.

Mutumin kirki ne Firmin, ba mai musun wannan, sai dai in aka zo kan zobe ba shi da kara. In ka miƙa masa, ya manna madubin nan na masu agogo a ido ɗaya, ba ya ko kallon adon da ke fuskar zoben. Ciki yake leƙawa. Soja yakan tsinci kan harsashin igwar Jamusawa, ya ɓamɓare sanholon da ke jiki, ya narka shi a cokali, ya zuba a dankalin da ya rarake, sannan ya zauna da ɗan magagari yana gogawa tsakanin wannan ruwan wuta da wancan. Fuskar zoben yakan goge ta har ta yi ƙyalli, amma ciki yakan bar sawun magagari da 'yan ƙananan ramukan iska. Waɗanda kamfanoni suka buga bayan yaƙi don sayar wa masu ziyarar kaburbura kuwa, cikinsu sumul yake. Mutum nawa Firmin ya gaya wa, ido da ido, cewa zoben da suke riritawa ba a ramin yaƙi aka yi shi ba, a kantin bakin tasha kakansu ya saya? Wasu har yau ba sa gaishe shi a gidan burodi. Shi kuwa ko a jikinsa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne jabu bai taɓa kwana a akwatinsa ba, bakinsa kuma bai taɓa kiran jabu na gaske ba.

Shekarar da yaƙin ya cika tamanin da ƙarewa, magajin gari ya roƙe shi ya baje kolin zobbansa a zauren taro ranar sha ɗaya ga Nuwamba, ranar tunawa da ƙarewar yaƙin. Firmin ya ce to, amma yana son a ga na 'yan gari ma, ba nasa kaɗai ba. Gaskiyar magana zobe ɗaya yake hari, na Madam Léontine Boquet.

Léontine ta haura tamanin. Ƙafafu sun ƙi, idanu sun yi hazo, baki ne kaɗai bai tsufa ba. Sunan mahaifinta Anatole yana jikin dutsen tunawa da waɗanda yaƙi ya ci da ke dandali, tana tatata aka kashe shi. Firmin ya same ta a kujerarta kusa da murhu, bargo a cinya.

"Ɗan Caudron ne? Shigo ka rufe min ƙofa, ba titi nake ɗumamawa ba."

Ya cire hula, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya yaba furannin taga, ya yi ta kewaye-kewaye.

"Faɗi abin da ya kawo ka," in ji ta. "Tun ina iya zuwa coci nake lura da kai. Kowa na kallon mai wa'azi, kai kana kallon yatsana."

"Ba sayarwa na ce ba, Madam. Aro ne, na 'yan kwanaki. Mutanen gari su gani."

"Su gani su yi me da shi?"

Tana magana tana murza zoben daga yatsa. Farin zobe ne mai kauri, an dasa masa ɗan ganye na jan ƙarfe a fuska. Bayansa kuwa an naɗe shi da zare, zaren ya yi baƙi ya yi tauri saboda daɗewa. Ta riƙe shi a tafin hannu ɗan lokaci kafin ta miƙa.

"Yadda na ba ka, haka za ka dawo min da shi."

"Haba Madam, ni za a gaya wa wannan?"

"Kai ɗin fa. Na san ka tun kana yawo ba wando."

Ko kwat bai cire ba da ya isa gida. Ya zauna a teburinsa, ya jawo fitila, ya manna madubi. Zaren ya rufe rabin cikin zoben, daidai inda yake son gani. To a wurin masu tara zobba zare ba komai ba ne. Mata sukan naɗa shi in zobe ya yi musu yawa, wasu filasta suke sawa, wasu ƙyalle, kuma duk wanda ya sayo zobe a kasuwar tsofaffin kaya abin da yake fara yi ke nan, ya yanke dattin ya yar. Firmin ya yi haka sau ba adadi. Hannunsa ya ɗauki 'yar askarsa tun kafin kansa ya ce komai. Sai da ya danna sosai sannan zaren ya rabu gida biyu ya faɗo. Bayansa baƙi ne, cikinsa kuwa shuɗi-shuɗi mai haske, wannan ya gan shi da idonsa. Ya share shi tare da ƙurar tebur a tafin hannu, ya buɗe murhu ya watsa, ya dawo kan abin da ke gabansa.

Abin da ya gani ya sa shi miƙewa tsaye. Sawun magagarin a jere yake, siriri, aikin hannun da ya san abin da yake yi. Can a lungu akwai wata 'yar alama kamar ƙafar tsuntsu, irin wadda ke cikin wasu zobba biyu da ya fi ji da su a duk akwatunansa.

"Ginette! Zo ki ga ikon Allah! Hannu ɗaya ne ya yi su. Shekara da shekaru ina neman mai alamar nan, ashe Anatole ne, ɗan garinmu!"

Ginette ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta leƙa zoben, ta dubi mijinta.

"Ina zaren?"

"Wane zare?"

"Na jikinsa mana. Tun ina yarinya nake ganin zoben nan a hannunta da baƙin zarensa."

"Datti ne, na cire."

"Cewa ta yi ka cire?"

Ya cire madubin daga ido. Maganar tsohuwar ta dawo masa tiryan-tiryan, har da amsar da ya ba ta. Ya buɗe murhu ya leƙa, ba komai sai jan garwashi.

"Tashi ka je ka gaya mata, tsoho, tun abin yana ɗanye."

"Zare ne fa, Ginette."

"To in zare ne kawai, me ya sa fuskarka ta yi haka?"

Ya ce gobe zai je. Gobe ta zo aka wayi gari da ruwan sama, jibi kuma akwai jeren akwatuna a zauren taro. Ba tsoron faɗanta yake yi ba, kowa a garin nan ya sha faɗan Léontine ya kwana lafiya. Abin da ya kasa shi ne ya tsaya a gabanta, shi Firmin Caudron mai gyara wa kowa kuskure, ya ce an ba shi amanar abu ɗaya tak ya ɓata shi tun kafin ya cire kwat.

Sai ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya zari zaren ulu mai ruwan toka daga kwandon saƙar Ginette. Ba wata dabarar masu jabu da bai sani ba, tun da rayuwarsa duk a kama su ta ƙare. Ya jiƙa zaren a ruwan kofi mai kauri, ya shanya, ya goga masa kitsen kyandir da baƙin murhu, ya naɗa shi a hankali, ya ɓoye ƙullin a ƙarƙashi. Kwana da kwanaki yana murza shi tsakanin yatsu yana sauraron rediyo, har ya yi baƙi ya yi sheƙi. Kunya ta cika shi duk lokacin da ya dube shi. Abin da ya fi ba shi kunya kuma shi ne aikin ya yi kyau, kuma wani sashe na zuciyarsa ya ji daɗin hakan.

"Likitan zobba ya koma maƙerin jabu," in ji Ginette. Daga nan sai dangwarar masa da kwanon miya take yi.

Ranar taro aka aza furanni a gindin dutsen tunawa, aka karanta sunayen matattu, har da na Anatole, sannan gari ya ɗunguma zuwa zaure. Léontine ba ta zo ba, ƙafa ta hana. Wani dillalin tsofaffin kayan yaƙi daga birnin Amiens, mutumin da Firmin ke ganin girman idonsa, ya roƙi a buɗe masa akwatin. Ya juya zoben a ƙarƙashin nasa madubin ya daɗe.

"Na san halinka da aska, Caudron," in ji shi. "Wannan kam kada ka taɓa zaren. Tsoho ne na gaske."

Firmin ya yi yaƙe. Giyar da magajin gari ya zuba wa baƙi haka ya yi ta yawo da ita a hannu har aka watse, bai kai ta baki ba.

Washegari da la'asar ya saya kek ɗin tuffa a gidan burodi, ya nufi gidan Léontine. Ya tsara komai a hanya: ya miƙa zobe, ya yi mata albishir da gwanintar mahaifinta, ya sha kofi, ya fito. Ya yi ta gaya wa kansa cewa abin da ba ta sani ba ba zai dame ta ba, kuma ko kansa bai yarda da maganar ba.

Ta karɓa ta zura a yatsa. Zoben ya zauna daram. Ta bi zaren da babban yatsanta, gaba da baya.

"Yawwa," in ji ta. "Yatsan nan ya yi ta jin sanyi. Zauna, ka zuba mana kofi, yana kan murhu."

Ya zauna yana jin sauƙi, yana kuma jin haushin sauƙin. Don ya cika ɗakin da magana sai ya hau albishir. Ya ce mahaifinta gwani ne, ba irin sojojin da ke kashe lokaci da magagari ba, hannunsa na maƙeri ne sosai, akwai ma wasu zobba biyu nasa a gidansa.

Léontine ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Babana? Gwanin ƙira? Mutumin da ya kafa ƙusa a bangon can sai da aka kira magini! Haba ɗan Caudron, ashe madubin naka ma yana ƙarya. Wani ne a rundunarsu, maƙerin zinariya ne kafin yaƙi, shi yake yi wa kowa. Taba babana ya tara ya ba shi."

Ta kurɓi kofi, ta gyara bargo.

"Sau ɗaya aka ba shi hutu ya zo gida. Da zoben ya zo a aljihu, yana ta ɗoki. To awon da ya bayar na yatsan da ya sani ne, kafin ya tafi. Ya dawo ya tarar mahaifiyata ta rame, ita ce gona, ita ce shanu, ga ni a goye. Tana sawa ya sulluɓe ya faɗa cikin ƙullun burodi. Sai ta fashe da kuka. Shi kuma bai iya lallashi ba, bai iya komai ba in ban da noma. Sai ya zauna a nan, a kujerar nan da kake kai, ya kama gefen babbar rigarsa ta soja ya zaro zare. Ya yi ta naɗawa yana goga masa kyandir, da waɗannan manyan yatsun nasa, yana kwancewa yana sakewa. Yammacinsa na ƙarshe a gida ke nan, a kan zaren nan ya ƙare. An ce ina kan gwiwarsa ina ja masa bakin zaren yana ture hannuna. Da haƙori ya datse shi. Da safe ya koma, ko gawarsa ba a kawo mana ba."

Ta ɗaga hannun zuwa hasken taga, ko da yake ba wani gani take yi ba.

"Zoben na wani ne, ɗana. Zaren ne nasa. Duk duniya ba abin da ya rage da hannunsa ya yi sai shi. Mahaifiyata ba ta taɓa sa shi a ruwa ba, ni ma haka."

Firmin ya tuna cikin zaren da ya yanke. Shuɗi-shuɗi mai haske. Launin rigar sojojinmu ne, launin da ko ɗan makaranta a garin nan ya sani, akwai ma guntun irin rigar a ɗakinsa na baya. Ya gani da idonsa, ya share shi tare da ƙura. Shi da ya ƙarar da rayuwa yana neman abin da hannun soja ya yi, an sa masa shi a tafin hannu, ya jefa a wuta don ya leƙa aikin maƙerin zinariya.

"Me ya faru?" in ji ta. "Ka ji haushi na ƙaryata madubinka? Bari in faranta maka. Kwanakin nan da ba ya hannuna na yi tunani. Ni ba ɗa ba jika. 'Ya'yan ƙanen mijina ne za su zo su kwashe gidan nan, kuma na san su. Za su ga zaren su ce datti ne, su yanke, su goge zoben ya yi ƙyalli su rataya a jikin makullin mota." Ta murza shi ta cire. "Kai ne ka san darajar abu. Ka ajiye shi a akwatinka, duk wanda ya zo kallo ka ba shi labarin."

Ta lalubo hannunsa, ta sa zoben a ciki, ta naɗe masa yatsu da nata.

Ba zan ɓoye ba, ya yi tunanin karɓa, kuma ya daɗe yana yi. Ginette kaɗai ta sani. Dillalin Amiens ma ya ruɗu. Tsohuwa za ta ƙare kwanakinta da kwanciyar rai, wa ya cutu? Amma sai ya ga kansa tsaye a gaban akwati yana nuna wa 'yan makaranta ulun Ginette yana ce musu rigar Anatole ce, bana da baɗi, har ranar da zai mutu. Hannunta kuma yana kan nasa, da ɗumi, ba ta saki ba.

"Madam," ya ce. "Ba shi ba ne."

"Me ka ce?"

"Zaren. Ranar da kika ba ni na yanke shi, don in ga cikin zoben. Wannan ni na naɗa. Ulun Ginette ne, na rina shi da kofi."

Ta janye hannunta a hankali.

"Ina nawa?"

"Na zuba a murhu."

"Ko guntu?"

"Ko guntu, Madam. Ki yafe mini. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Ya jira faɗa. Da ta zage shi, ta zagi ubansa da kakansa kamar yadda ta iya, da ya ji sanyi. Ba ta yi ba. Agogon bango, wanda shi da kansa ya sha gyarawa, shi kaɗai ke motsi a ɗakin.

"Ashe har na shafa shi na ce yawwa," in ji ta, ba da shi take ba.

Ta miƙo hannu, ya mayar mata da zoben. Ta yi ta laluben bakin zaren da farce, amma ya ɓoye ƙullin da kyau, ba ta same shi ba. Ta sake miƙo masa.

"Cire kayanka."

Askar tana aljihunsa, bai iya taɓa ta ba. Da farce ya tono ƙullin, ya warware zaren zagaye bayan zagaye har zoben ya fito tsirara. Ta karɓa ta zura. Zoben ya sulluɓe ya faɗa kan bargo. Ta lalubo shi ta sake zurawa, ta dunƙule hannun.

"Zan iya matse shi, Madam, ya yi miki daidai. Ba zai..."

"Kada ka ƙara taɓa shi."

Ya miƙe, ya ɗauki hula. Zaren yana hannunsa, ya rasa inda zai ajiye, sai ya cusa a aljihu.

"Ka gaida Ginette," in ji ta. "Ka rufe min ƙofa."

Ya rufe. Da zai wuce ta gaban taga ya ce ba zai duba ba, ya duba. Tana zaune inda ya bar ta, kek ɗin a kan tebur ba a yanka ba, hannunta na hagu a dunƙule a kan cinya, don in ta buɗe shi zoben zai faɗi.